Rigar da Na Ce Babu Irinta

Na manta fuskokin mata da yawa da na yi wa ɗinki, amma wata Lahadi a wani ƙauye bayan Kagoro ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira ce, ina sabuwar buɗe shago kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, da keken ɗinki ɗaya da girman kai buhu guda. A lokacin idan ka kira ni tela sai in ɓata rai. Tela kwafi yake yi, ni kuwa daga kaina nake fitar da yayi.

Matan ma'aikatan reluwe nake hari, don su ne masu sa kaya a garin, amma duk Jos suke kai ɗinkinsu. Sai ga wata malamar firamare ta shigo da leshi ruwan madara. Za ta auri wani akawun reluwe, tana son rigar da za ta sa ranar Lahadin godiya bayan ɗaurin aure. Na san matan abokan aikin ango duk za su je. Na zana mata wuyan riga mai siffar ganyen gwaza, ya sauko kan kafaɗu, har jijiyoyin ganyen na bi da zare. Na dafa ƙirji na ce mata, "Malama, ranar nan ke kaɗai ce. Babu mai irinta daga nan har Kaduna." Ta shafa leshin, sannan ta ce, "Ni kaɗai?" Na ɗauka daɗi ne ya kama ta.

Ta karɓi rigar saura mako uku. A tsakanin nan mata biyu sun ga zanen sun roƙe ni, na hana. Kuma na bi gari ina cika baki, har na gaya wa matar shugaban tasha ta buɗe ido da kyau ranar.

Ranar na hau motar kasuwa, na isa an fara sujada. Ina shiga coci sai na ga ganyen gwaza a kafaɗar wata tsohuwa a bakin ƙofa. Na ce idona ne. Na ɗaga kai, ga wani, ga wani, benci guda cike, mata goma sha ɗaya, wasu a atamfa, wasu a farin yadin makaranta. Na wata ma ya fi kama da kunnen jaki. Zanen yana cikin akwatina, makulli yana wuyana, ba ni da mai taya ni aiki balle in zarge ta. Har na fara tunanin ko na yi ɗinkin ne na manta. Matar shugaban tasha ta waiwayo ta dube ni, ta dubi bencin, ta taɓe baki.

Da amarya ta taso kai baiko, wato kyautar godiya a gaban coci, ƙungiyar zumuntar matan cocin na buga tulu kamar ganga, sai kaina ya ƙara ɗaurewa. Rigata ce, amma wuyan ya ɗan karkace, zaren gefen kuma ba nawa ba ne. Mai ɗinki ta san hannunta. Wani ya farke rigar ya mayar.

Ana tashi na nufi hanya in sulale, sai tsohuwar nan ta bakin ƙofa ta cafke hannuna, ta yi min magana da gurguwar Hausarta. "Kai ne Madam mai ɗinki? Zo, amarya yana nemanka." Ta ja ni har gindin mangwaro inda aka yi wa amarya kujera. Ban san ko haƙuri zan ba ta ba, ko faɗa zan yi. Na ce, "Malama, Allah shaida, ban nuna wa kowa ba."

Ta ce, "Na sani, Anti. Ni na kai wa telan ƙauyenmu, ya buɗe ta ya duba, ya ɗinka wa matan nan irinta."

Na ce, "Amma ai na ce miki ke kaɗai ce."

"Shi ne ya ba ni tsoro," in ji ta. "Mamana ta rasu ina goye, ba ni da 'yar'uwa mace. A wurinmu amaryar da ta tsaya babu mai kaya irin nata, dangin miji sai su ce ba ta da mutane. Waɗannan su suka raine ni, kowacce da ranarta."

Tsohuwar ta gyara ganyen kafaɗarta, wanda aka ɗinka a juye, ta ce, "Yau kowa ya gani yana da uwaye."

Na koma Kafanchan ban san me nake ji ba. Haushin telan nan bai bar ni ba, don ya taɓa min aiki da almakashinsa, kuma kunya ta kama ni, ga hawaye da ban gayyata ba. Matar shugaban tasha ba ta taɓa kawo min ko ɗankwali ba. Har yau idan aka tambaye ni ko sata aka yi min ko girmamawa, sai in ci gaba da ɗinkina.

Abin da na koya shi ne, na auna kafaɗar yarinyar nan da ƙugunta da tsawon hannunta daidai, amma burina na ɗinka mata, ba nata ba. Tun daga lokacin, duk macen da ta kawo min kayan biki, kafin in ɗauko tef sai na tambaye ta su wa za su tsaya kusa da ita.