Yaran Sawun Farko

Har yau ban manta ranar da aka ba ni wasiƙu tara in kai wa iyayen yara ba. An rubuta cewa 'ya'yansu na da cuta a kai.

A lokacin shekara biyu ke nan da soja suka bar mulki suka koma bariki. Ni direban bas ne a wata makarantar kuɗi a Unguwar Boro. Shugabarmu, Madam, ta je kwas ta dawo da takarda mai tambayoyi: yaro yana zama wuri ɗaya, yana sauraro, yana gama aiki? Malamin aji ke cikewa. Wanda ya faɗi, a kai shi asibiti a ɗora shi kan magani. In iyaye sun ƙi, su nemi wata makaranta. Akawun makarantar ya ce min sunan cutar rashin natsuwa.

Ban iya karatu ba, sai akawun ya karanta min sunayen. Ladi, Emeka, Bitrus. Kafin ya kai na biyar na gane. Duk taran yaran sawun farko ne.

Bas ɗaya gare mu, sawu biyu nake yi. Na farko tun biyar da rabi, in kwaso na Rido, in zagaya Gonin Gora, yara huɗu a kujerar mutum biyu. In na sauke su, a kulle su a aji kada su ɓace, sai na dawo da sawu na biyu. Kafin a fara darasi sun yi awa biyu da rabi a zaune.

Na kai wasiƙa ɗaya, wurin Maman Ladi mai sayar da doya a Gonin Gora. Aka karanta mata. Ta ce, “Baba Audu, yarinyar da ke tsince min shinkafa tire guda ba ta tashi ba?” Ta tambaye ni ko maganin zai mayar da Ladi doluwa. Na juya da sauran takwas ɗin.

Na ajiye su a teburin Madam, na san aikina na iya tafiya. Ta dube ni ta ce, “Baba, yaushe ka zama likita?”

Na ce, “Direba ne ni, Madam. Gobe ki shiga sawun farko.”

Ta shiga. Kafin mu bar Gonin Gora ta ce in tsaya ta miƙe ƙafa. Na ce yaran ba sa miƙewa.

Ta nemo likitar yara. Likitar ta ce takarda kaɗai ba ta isa ba, sai an ji yadda yaro yake a gida, da barcinsa. Sati uku tana ganin iyaye. Yara takwas lafiyarsu lau. Emeka kam da gaske yana da cutar, ko a coci ba ya zama. Aka taimake shi, ya samu sauƙi. Aka daina kulle yara a aji.

Cutar gaskiya ce. Amma ku masu tasowa, kafin a rubuta sunan yaro, a tambayi wanda ya kawo shi da safe.

Yanzu ido ya hana ni tuƙi. Ina Unguwar Boro, ina gadin ƙofar makarantar. Ladi ce malamar aji biyu.