Yadda Bappayo Ya Shayar da Siminti

Duk wanda ya sha ruwan rijiyar Garin Ɗinya, can gefen Gololo, ya sha gumin Bappayo, ko ya sani ko bai sani ba. Bafillace ne dogo siriri, ga taurin kai sai ka rantse gadonsa ya yi. Abin da ya gada a zahiri shi ne haƙar rijiya da ginin tubali, kuma tun yana ƙarami ubansa ya cusa masa magana guda: rana ke ƙarfafa gini, ruwa ke kashe shi.

To amma ƙasar Garin Ɗinya yashi ce. A haƙa, a ɗaure da itacen kirya, damina ta sauka, sai ka ji rugum. A farkon daminar 1949 rijiyar ta rufta karo na uku. Ardo Hammawa, shugaban makiyayan da ke zaune a bayan gari, ya tako har ƙofar gidan Bappayo.

"Ba faɗa na zo yi ba," in ji Ardo. "Tafki zai riƙe mu zuwa bazara. In ya ƙafe babu rijiya, za mu kora shanu kogin Katagum, kuma mun tafi ke nan."

Bappayo ya san abin da hakan ke nufi. Babu shanu babu taki, babu taki babu gero, gari ya watse, a bar kabarin ubansa ga dila. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

A lokacin an buɗe wani ajin koyon sana'a a Azare, rumfa ce doguwa mai rufin kwano. Nan ana kafinta, can ana ƙira, ga masu dukanci, ga masu saƙa a faffaɗar masaƙa, ga masu koyon ginin bulo. A ƙarshen rumfar ake koyar da zubin ƙawanyar siminti, wadda ake jerawa cikin rijiya don ta tare yashi. Bappayo, da gemunsa da shekara arba'in a duniya, ya bar wa ƙannensa gona, ya ɗaure tabarma ya tafi.

Mai koyarwar Babarbare ne, Malam Zarami, gajere mai bakin tsiya. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, to waɗannan biyun sai da suka kai shi maƙura. "Kai ɗan Fulani, wannan siminti ne, ba kindirmo ba, kada ka lasa!" Bappayo ya ce, "Malam, ai tun da na ga Babarbare na koyar da mutane na san duniya ta zo ƙarshe." Rannan ma Malam Zarami ya aike shi kasuwa sayo inuwar guduma. Duk da haka hannun Bappayo ya faɗa da wuri. Awon yashi da tsakuwa, ɗaurin ƙarfe, zubi, duk ya iya. Wata uku ya yi, duk a cikin damina, ƙawanyun da suka zuba suna waje ruwan sama na dukansu.

Ranar sallama aka ɗora masa buhunan siminti da ƙarfen zubi a kan jakuna. Malam Zarami ya riƙe hannunsa ya ce, "Saura abu ɗaya. Da rani za ka yi zubi. Ka riƙa shayar da ƙawanya safe da yamma, kwana bakwai."

Bappayo ya tuntsire da dariya. "In haɗa mata da fura, ko ruwan ya isa?" Ya kora jakunansa yana jin daɗin ya tsallake tarkon Babarbare.

Da rani ya zuba ƙawanya shida, ya shanya su a rana kamar tubali, yana zagaya su yana shafa gemu. Ranar da aka zo ɗagawa, ta farko ta dare gida biyu. Ta biyu ta marmashe a hannun mutane. Innalillahi! Bappayo ya zauna a ƙasa daɓas. Simintin da ya rage iyakar na aikin ne cif, ga tafki ya koma taɓo a gefe-gefe.

Matarsa Murja ce ta ja shi zuwa ta shidan, wadda aka zuba a jikin dangarsu. "Maigida, ƙwanƙwasa nan." Ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙarfi kamar dutsen niƙa. Ya taɓa ɗaya gefen, ya ji yana zuba.

"Nan nake watsa ruwan wanke-wanke kullum," in ji ta.

Bappayo ya dafe kai. "Wayyo ni! Ashe sau ɗaya a rayuwarsa Babarbaren nan ya faɗi gaskiya, ni kuwa na yi masa dariya."

Sai dai wa zai ce wa matan gari su ɗebo ruwa daga tafkin da ke ƙafewa su zuba wa dutse? Da ya faɗa a dandali aka ce boko ya taɓa shi. Murja ba ta yi musu da kowa ba. Ta ɗauki tulunta, ta je ta dawo, ta juye a kan sabuwar ƙawanya a gaban jama'a. Washegari mata uku suka bi ta, jibi goma. Ardo Hammawa ya zo ya ƙwanƙwasa da sandarsa, sannan ya ba da takarkarai biyu na jigilar ruwa a salka.

Haka aka yi ta yi, ana zubi ana shayarwa, Bappayo yana ƙasa yana haƙa, ana zura masa ƙawanya ɗaya bayan ɗaya. Tafki ya ƙafe ranar wata Talata. Makiyaya suka fara kwance bukkoki. Ranar Alhamis da hantsi aka ji muryarsa daga can ƙasa: "Ku jawo guga!" Gugan ya fito yana zuba. Kai, guɗar da aka rangaɗa ranar, har yau jikoki na ba da labarinta. Ardo ya sha, ya ce a mayar da bukkoki.

Damina ta zo ta wuce, rijiya ko gezau. Malam Zarami ya zo da kansa a kan keke, ya leƙa, ya ce, "Lalle ɗan Fulani ya yi hankali." Bappayo ya miƙa masa ƙwarya cike. "Sha, Malam. Safe da yamma, kwana bakwai, ko kai ma ka yi ƙwari."

Daga baya Bappayo ya ɗaure rijiyoyi daga Gadau har Katagum, ya kuma koyar a wannan rumfa ta Azare har ƙarfinsa ya ƙare. Duk sabon ɗalibi, kafin ya taɓa cebur, tulu yake fara ɗora masa. In an tambaye shi dalili sai ya ce wannan darasin ba nasa ba ne, na Murja ne.