Tsohuwar da Ta Ce Bas Na Jin Yunwa

Jama'a, wallahi wannan ba ji na yi ba, ni abin ya faru da ni. Lokacin ina da gareji kusa da tashar Batsari, shekarar da fetur ya yi tsadar nan, direbobi duk suka rikice, kowa ya zo sai ya ce a rage wa motarsa shan mai, kamar injin ba ya da haƙƙi.

Ranar kasuwa ce bayan azahar, ina wanke hannu sai ga wata tsohuwa da sanda. Na durƙusa muka gaisa, ta ce, "Ɗan nan, wata farar bas za ta zo daga Darini, tagarta ta baya leda ce. Kar ka bari ta wuce, motar yunwa take ji, ga shi matarsa zai kai asibiti Katsina." Na ce, "Inna, wane ne?" Sai ta kawar da kai ta ce, "Yaron nan dai." Nan na gane ɗan farinta ne, ba za ta kama sunansa ba. Na juya in ɗauko mata benci, ban sake ganinta ba, na ce kasuwa ta shiga.

Can sai ga bas ɗin, direban wani Sale, ruwa kawai ya tsaya nema wai motar na zafi, matarsa na kwance a baya tana naƙuda, ƙanwarta na riƙe da ita. Na ce sai na duba, ya hau ni da faɗa, ni kuma da ma ba haƙuri gare ni ba, na zare makullin na sa aljihu. Na kwance fulogi, wanda ya kamata a gan shi ruwan ƙasa, sai ga shi fari fat, bakinsa ya cinye. Na haska tocila a ramin fulogin, kan fistin da ke cikin injin ya soma narkewa. Ashe wani makanike ya taɓa masa injekta, wadda ke ba injin mai, don motar ta rage sha, iska ta fi mai yawa, injin na ƙonewa ta ciki. Ko rabin hanya ba za ta kai ba, kuma kun san hanyar nan ba wurin tsayawa da mai naƙuda ba ce.

Muka mayar da matar wata mota da ƙanwarta. Sale zai shiga na ce, "Ka gode wa mahaifiyarka, ita ta zo ta ce in tare ka." Ya tsaya cak. Ya tambayi kamanninta, na faɗa masa har zanen fuskarta. Sai ya zauna a ƙasa ya ce ai tun daminar bara suka binne ta.

Wallahi na ji tsoro, amma tausayinsa ya fi tsoron yawa. Yana hawaye ya ce, "Malam, tana raye ko ruwa ba ta taɓa miƙa mini da hannunta ba saboda kunya. Na girma ina zaton ba ta damu da ni ba." Ya share fuska ya shiga motar suka tafi, daga baya na ji matar ta haihu lafiya.

Na tambayi mai faci na kusa da ni, ya ce shi dai ya ga na durƙusa ina magana ni kaɗai. Har yau ban san me na gani ba, Allah ne masani.

Direbobi, ku daina hana injin mai. Wanda kuma uwarsa ke raye, ko ba ta kallonsa, ya je ya gaishe ta yau.