Karan da Baba Yake Kafawa a Bakin Kogi

Ni fa Turancina a waya na koya, ba a aji ba. Duk kalmar da na ci karo da ita sai na bi ta har gidan ubanta. Amma akwai guda uku da ba marmari ne ya sa na nemo su ba, tsoro ne.

Abin ya fara ne shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa ana gab da yanka. A nan Haɗeja, in damina ta yi nisa, manomi yakan kafa kara a bakin kogi daidai inda ruwa ya tsaya. Gobe ya zo ya duba. In ruwa ya wuce karan, to a fara kwashe kaya. Kowa na yi. Amma damina ta wuce, ruwa ya janye, mutane suka shiga noman rani, Baba bai daina kafa kara ba. Ana tsakiyar cin tuwo sai ya wanke hannu ya ɗauki hula ya nufi kogi. Irin shinkafar da muka yafa yana ta tsufa, ba a dasa ba.

Wata rana na bi shi. Wani masunci da ke gyaran taru ya ɗaga murya, "Malam, ina labarin ambaliya? Mu hau tudu ne?" Aka kwashe da dariya. Ruwan kuwa ko gwiwa bai kai ba a wurin. Ni kuwa na san yadda ake farawa. Yau dariya, gobe a ce wane ya taɓu.

Na dawo gida na hau bincike. Kalma ta farko da na samu ita ce overthinking, wato yawan tunani a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na ce a'a, wannan ta yi wa Baba kaɗan, ta masu juya gaisuwar budurwa ce a rai. Sai rumination. Kun san daga ina ta fito? Daga tuƙar da saniya ke yi! Abin da ya riga ya wuce ciki, a dawo da shi a yi ta tauna. Na ruga wurin Umma tana tankaɗe.

"Umma, Turawa ma sun san ciwon Baba, tuƙa suke ce masa!"

"Uban naka ne saniya? Tashi ka ba ni wuri. Turancin ne zai dasa mana shinkafa?"

Ta faɗa da faɗa, amma sai na ga ta ajiye rariyar, ta bar tankaɗen.

Ta ukun ce ta kashe min jiki: obsession. Asalinta wai daga yadda mayaƙa ke yi wa gari ƙawanya ne, ba shiga ba fita. Nan take na tuna yadda ruwa ya zagaye ƙauyukan fadama, sai da kwalekwale ake kai musu abinci. Bayanin ya ce ba kai ke riƙe da tunanin ba, shi ke riƙe da kai. Ko kana so ka daina, ba ka iyawa.

To ai wannan abin tambaya ne. Na tarar da shi a tsugune gaban karansa. Ban taɓa yi wa Baba irin wannan tambaya ba.

"Baba, in da za ka so ka bar zuwa nan, za ka iya?"

Na zaci zai daka min tsawa. Wallahi da ya yi, da na fi samun sauƙi.

"Na gwada, ɗan nan," ya ce. "Ko a sallah nake, jin ƙarar ruwan nake yana tahowa."

Ni ma sai na tsuguna kusa da shi. Na ce masa abin yana da suna, kuma a asibiti akwai masu duba irinsa, ba sai mutum ya fara tsince-tsince a bola ba.

"Kada a ce na haukace."

"In muka bari ne za a ce, Baba."

Washegari muka hau keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, Umma ta raka mu har ƙofa tana ta addu'a. An saurare shi, an ce ya riƙa dawowa. Irin namu ya riga ya wuce dashe, wani maƙwabci ne ya sam mana ragowar nasa, muka dasa rabin gonar.

Yanzu yakan gama tuwonsa kafin ya ɗauki hula. Wata rana ma ba ya zuwa. Amma karan yana nan, bai cire ba, ni ma ban isa in cire ba. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. Jiya da na wuce ta bakin kogi, ban san lokacin da na tsaya na duba inda ruwa ya kai ba.