Malam Tsara Huɗu ya tafi, cittarsa na ƙasa

Jama'a, Malam Ishaku ya rasu.

Da safen nan ina bakin sito a Kafanchan, ina gardama da direba a kan lodin citta, sai ga kiran 'yarsa Rifkatu. Ta ce, "Kawu Yakubu, Baba ya tafi." Na ce ya tafi ina? Da bakina na yi wannan tambaya. Sai da na ji kukanta.

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa a kasuwa, na bar direba da gardamarsa, na zauna a kan buhu.

Ba jinya, ba asibiti. Ya sha kununsa, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Shi ke nan.

Duk wanda ya yi sakandare a nan a shekarun saba'in ya san shi da Malam Tsara Huɗu. Tarihi ya koya mana. Ni a fom tiri na tsaya, kasuwa ta kira ni, amma darasinsa guda ya bi ni har yau.

Wani malamin Larabawa ne na zamanin da, Malam ya karanto shi a Zariya. Wai mutanen jeji masu yunwa sukan riƙe juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, da wannan riƙon suke cin birni. Kaka ya gina da hannunsa. Ɗa ya ga yadda aka gina, ya riƙe. Jika labari kawai ya ji, sai ya kwanta a inuwa, ya ɗauko wasu su yi masa aiki, su yi masa yaƙi. Tattaɓa-kunne ya watsar. Sai wasu masu yunwa su sauko, a sake daga farko.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, Balaraben nan ya taɓa zuwa Kafanchan?"

Aji ya fashe da dariya. Malam bai yi fushi ba. Ya nuna tashar jirgin ƙasa ta taga, ya ce, "Bai zo ba, amma ya san waccan." Lokacin tasha cike take, jirgin Jos na fita, na Fatakwal na shigowa, ko maganarka ba ka ji. Muka ce Malam ya yi karatu ya wuce wuri.

Ku je ku leƙa tashar yau.

Amma ba wannan ya hana ni zama ba tun safe. Ga abin.

Bayan na bar makaranta, citta ta karɓe ni. Na sayi babur, na ɗinka wando mai faɗin ƙafa, ina shiga ƙauyenmu kamar DO, babban jami'in mulki. Ku 'yan birni, ku sani: in an shuka citta, dole a rufe ta da ganye kafin rana ta ƙone iri. Aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, da gayya ake yi. Yau gonarka, gobe ta maƙwabci.

Aka kira gayya a gonar maƙwabcinmu. Babana ƙafarsa ta kumbura, ni ya kamata in tsaya wa gidanmu. Na dubi takalmina, na dubi adda. Sai na yi wayon kasuwa, na ɗauki leburori biyu daga tasha na tura. A ganina na yi musu alheri ma. Mutum ɗaya suka nema, na ba su biyu.

Dattawa suka ba leburorin abinci da kunu, suka ce su gaida mai babur.

Ranar gonarmu, Mama ta dafa abincin gayya tukunya-tukunya. Rana ta fito, ta ɗaga. Ko mutum ɗaya. Babana yana zaune a kan kunyar gona, ya kau da kai daga gare ni. Da ma ya zage ni.

Sai ga keke. Malam ne, da farar rigarsa ta makaranta, adda ɗaure a kariyar keken.

Ya ce, "Yakubu, kai akwai sauri. Balarabe ya ce tsara huɗu, kai ka gama su a shekara uku."

Ya sa na cire takalmin. Muka wuni muna saran ganye, ni da shi, hannuna duk ya yi kanta. Da la'asar ya ɗora mini damin ganye a kai, ya tasa ni gaba har gidan maƙwabcin nan, ya ce, "Ga ɗanku, ya zo da jikinsa." Washegari gonarmu ta cika da mutane.

Bai taɓa ba kowa wannan labari ba. Ni nake tona kaina yau.

Sati uku da suka wuce na biya ta gidansa. Na same shi a 'yar gonarsa ta bayan gida, yana dogara sanda, yana duba ganyen citta da ya fara bushewa. Ya ce, "Ta kusa nuna. Za ka zo ka taya ni tono?"

Kun san abin da na ce? Ni, da furfurata, da jikokina?

Na ce, "Malam, kada ka damu, zan turo maka leburori."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan kasuwa, har yanzu turowa kake yi?"

Maganar ƙarshe ke nan tsakaninmu. Na ɗauka wasa muke yi. Na ɗauka akwai lokaci.

Cittar tana nan a ƙasa. Na gaya wa Rifkatu kada kowa ya taɓa ta. Asabar ɗin da ke bin jana'iza, gayya ce a bayan gidan Malam, ni zan fara sa fartanya, ko bayana zai karye. Duk wanda ya zauna a ajinsa, ina jiransa. Kada ka turo direbanka, kada ka turo ɗanka. Dawo da shi zan yi, bayan ya sha kunu.

Ubangiji ya karɓi bawansa Ishaku, ya ba shi hutu cikin salama. Ya ta'azantar da Rifkatu da 'yan'uwanta da jikoki duka. Ni kuma ya gafarta mini wannan baki nawa.

Don Allah ku sa shi a addu'a. Kada ku buga Amin a ƙasan rubutun nan ku wuce, kada kuma ku bar wa fasto. Kowa ya yi da bakinsa.