Yatsan Inna

Inna kitso take yi, da shi aka san gidanmu a Gummi. Ran wata kasuwa ƙofar mota ta datse mata yatsa manuni na hannun dama, ƙashin ya fashe daidai gaɓa. Sai da aka kai ta asibiti a Sakkwato, aka tsaga, aka sa siririn ƙarfe, aka ɗinke.

Da za a sallame mu, likita ya ja mana kunne. Ya ce da ciwo ya lafa ta riƙa lanƙwasa yatsan kullum, ko da kuka ne. In ba haka ba, gaɓar za ta sandare, kitso kuma sai dai a mafarki.

Muka tarar Gwaggo, yayar Baba, ta iso daga Bukkuyum jinya, da tabarmarta. Na gaya mata abin da likita ya ce.

"Ke, rufe mini baki! Wa yat taɓa motsa karaya?"

Ta fere karan dawa, ta ɗaure yatsan a kan aikin likita, ta naɗe da tsumma. Inna ba ta taɓa musu da yayar miji ba, ba kuma a kan yatsa za ta fara ba. Baba da na kai masa ƙara, cewa ya yi, "Ta girme ni," ya sa takalmi ya tafi gona.

Wallahi ban taɓa ganin jinya irin wannan ba. Gwaggo ce ke ba ta tuwo a baki, ita ke ɗaura mata ɗankwali. Inna takan shiga bayi don ta kwance yatsan ta ɗan motsa shi a ɓoye, sai ga Gwaggo a bakin ƙofa riƙe da buta. Haushi kamar ya kashe ni, ga shi ba a zagin mai alheri.

Da muka koma cire ƙarfe, likita ya ce ƙashi ya haɗe sumul, gaɓa kuwa ta mutu. Gwaggo rabin farko ta ji. Ta yi hamdala, ta koma gida da tukuici.

Jajibirin sallah Inna ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta. Ta tsaga gashin, ta kama, ya zame. Ta sake kamawa, ya zame. Ta sauke hannunta daga kaina.

Sannan ta miƙo mini tsinken kitsonta.

"Tai maƙwabta a yi miki. Ki bar masu shi can."