Wuta-wuta a Gonar Baba

Ina ƙarama, babu furen da nake so kamar na wuta-wuta. Nakan tsinko shi a gindin gero, jaja-jaja mai ratsin shuɗi, in soka a kitsona. Ranar da Baba ya gan ni da shi, ya zaunar da ni a kan kunya ya tono guda ɗaya ya nuna mini yadda saiwarta ta maƙale a jikin saiwar gero tana tsotso. Ya ce duk gonar da aka bar ta ta zubar da iri a cikinta, sai an yi shekaru ana fama. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, kina yi wa ɓarauniya kwalliya."

Gonarmu tana bayan ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa. A wajenmu gonaki a haɗe suke, ba daji a tsakani. Layin gamba ne kawai ke nuna inda ta wani ta ƙare, ta wani ta fara.

Daminar da na gama makarantar horon malamai ciwo ya kayar da Baba. Ya fara da haki idan ya yi huɗa kaɗan, sai ƙafafu suka kumbura har takalminsa ya daina shiga, sai kwanciya ta gagara sai an jingina shi da bango. Yayana, wanda ke tuƙin Adaidaita Sahu a unguwar Bacirawa, ya zo ya ɗauke shi zuwa babban asibiti a Kano. Likitoci suka ce zuciyarsa ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Ni da Inna muka tare a wajen jinya.

Da kumburin ya ragu aka fara kai shi ɓangaren gashi da motsa jiki. A can akwai wata likita, matashiya mai yawan dariya, da ke ɗora masu ciwon zuciya a kan injin tafiya, wanda shimfiɗarsa ke gudu a ƙarƙashin ƙafa mutum yana takawa a wuri ɗaya. Ta bayyana mana cewa idan ya iya tafiyar minti shida ba tare da ya galabaita ba, za a fara maganar sallama. Baba ya tsani injin. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin tafiyar da ba ta kai mutum ko'ina ba. Minti ɗaya, biyu, sai ya sauka.

Sai ta kawo wani farin tabarau mai kauri, wanda ke rufe rabin fuska, a ɗaure shi ta ƙeya. Idan mutum ya sa, sai ya ga kansa a wani wuri dabam, yana tafiya a cikinsa. Baba ya jujjuya shi a hannu ya ce jakinsa ma a baki ake sa masa takunkumi, shi kuwa za a sa masa a ido. Amma ya yarda.

Abin da yake gani yana fitowa a wani allo a gefe, don haka muna kallo tare. Wani lambu ne na ƙasar waje, da hanyar duwatsu da ƙofar katako a buɗe. Ya taka har bakin ƙofar, sai ya riƙe ƙarfen injin ya ce a tsayar. Ya yi sallama. Ya jira. Ya sake yi, ya sake, har sau uku. Da ba a amsa ba, ya ce a cire masa, masu gidan ba sa nan. Likitar ta yi dariya har da hawaye, ta yi ta rarrashinsa cewa hoto ne, babu mai shi. Ya ce wanda ya dasa furannin nan a layi yana nan da ransa a wani wuri.

Kullum idan na dawo daga ƙauye ɗauko tsaba da kayan sawa, tambayarsa ɗaya ce: yaya gona? Kullum amsata ɗaya ce: lafiya lau. Gaskiyar ita ce maƙwabta sun yi mana gayya a noman farko, daga nan kowa ya koma tasa, maimai kuwa ba a yi ba. Na san idan ya ji, zai tattara tabarmarsa ya tafi tasha ko da rarrafe, likitoci kuma sun ce bai kai ba. Inna ta sani, Yaya ya sani. Mun haɗa baki ba tare da mun taɓa zama mun tsara ba.

Ni na kawo shawarar. Na tambayi likitar ko za a iya sa masa hanyar da ya sani, wadda ba sai ya nemi izinin kowa ba. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta ba ni aron wata ƙaramar kyamara a kan sanda, mai ido a gaba da baya, ta ce in ɗaga ta sama da kaina in yi tafiya a hankali, tana ɗaukar ko'ina. Na ji ta faɗi haka. Amma a raina kamar waya na ɗauke ta, abin da na fuskanta shi za ta gani.

Na sauka daga bas da hantsi ranar kasuwa. Na fara daga ƙofar zaurenmu, na bi ta gindin rimi, na wuce rijiya, na shiga siririyar hanyar da ke ratsa gonaki. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi, gero ya fi ni tsawo. Da na iso layin gamba na tsaya. A hagu tamu ce: geron ya tsumbure, ganyen ya yi rawaya, wuta-wuta ta shimfiɗe daga wannan iyaka zuwa waccan, duk ta yi fure. A dama ta maƙwabcinmu ce, fes, kunya-kunya kamar an taje. Na juya wa tamu baya na shiga tasa, ina tafiya tsakanin layuka ina kuka.

Bayan kwana biyu aka sa masa. Na ga kafaɗunsa sun sauka tun daga zaure. Ya gaida rimin kamar mutum. A rijiya ya tambayi Inna wane ne ya bar guga a ƙasa. Likitar ta ɗaga mini yatsu uku, sannan huɗu, alamar mintunan da ya yi, tana murmushi. Bai taɓa kaiwa nan ba. Yana takawa a miƙe, irin takun da na sani idan ya saɓa fartanya.

Da hoton ya karkata dama, sai ya dafe ƙarfen.

"Tsaya. Ina za ki kai ni?"

Likitar ta kashe injin. Na ce gona mana, Baba.

"Ga gamba can mun bari a baya. Wannan ta maƙwabcina ce. Da damina ba a ratsa gonar mutum."

Sai ya juya kansa, yadda duk mai neman hanya zai yi. A kan allon na ga hoton ya juya tare da shi. Na ga hijabina ya wuce, da fuskata a ƙasan sanda, jiƙe. Bayana kuwa ga gonarsa gaba ɗaya.

Ya tsaya yana kallonta. Daga nan ya saki ƙarfen da hannu ɗaya, ya sunkuya a hankali, ya miƙa hannu wajen ƙasa. Yatsunsa suka rufe a kan iska, ya ja. Ya matsa kaɗan ya sake kamawa, ya sake ja. A ƙarƙashin hannunsa babu komai sai baƙar robar injin. Inna ta rufe fuska da mayafi ta fita.

Da aka cire masa tabarau bai yi mini faɗa ba, kuma har yau na fi so da ya yi. Ya tambaye ni yaushe na ɗauka, na ce shekaranjiya. Ya yi lissafi da yatsu.

"Ba ta zubar da iri ba tukuna. A samu wanda zai tuge ta da hannu, a tara a ƙone. Kada a sa fartanya."

Na ce ni zan je. Ya kama hannuna ya duba tafin, ya ce hannun biro ne wannan, Uwata. Na ce zai koya. Ya ce to, in fara daga gabas, can ta fi yawa, kuma in gaida maƙwabcin, in ba shi haƙurin shigar masa gona da na yi.

A wajenmu budurwa ba ta shiga gona ita kaɗai ta yi irin wannan aiki. Masu wucewa a keke sukan rage gudu su dube ni, wasu su yi mini sannu, wasu su wuce abinsu. Rana ta biyu matar maƙwabcin, tsohuwa, ta zo ta kama mini. Muna tugewa muna tarawa a bakin gamba. Hannuwana suka yi kanta, suka fashe. Kowace yamma ina kiran Inna a waya ta miƙa masa, in faɗa masa kunya nawa na gama, wannan karon ba ƙari. Inna ta ce tun ranar bai sake yarda ya hau injin ba.

Rana ta huɗu, bayan la'asar, saura kunya tara, wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Ya ce in zauna tukuna. Na ce a gona nake, ba wurin zama. Sai ya faɗa.

Na duba hannuna, akwai wuta-wuta a ciki, cike. Ban san inda zan ajiye ta ba. Tsohuwar ce ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya ta karɓa.

Washegari da safe aka kawo shi. Motar ta bi ta gindin rimi, ta wuce rijiya, amma maƙabarta tana yamma, gonar kuwa tana gabas.

Sai bayan sadakar bakwai na koma. A kunyoyin nan tara furen ya bushe, kwanson ya fashe, irin ya riga ya shiga ƙasa. Yanzu ina koyarwa a firamare ta garinmu, Yaya ke sa a noma gonar. Duk damina tana fitowa a wannan kusurwar, tana ɗan ƙara faɗi. Idan na tashi daga makaranta nakan biya, in tuɓe takalmi a bakin gamba in shiga.